Ranar da giyar haibirid ɗina ta fara silif a kan gada

Wata Laraba ce da yamma, na taso daga wajen aiki na biya na ɗauko yara daga Islamiyya, muna kan titin Zariya gosulo ya riƙe mu daidai hawan gada, ana matsawa kaɗan-kaɗan kowa ƙafarsa a kan birki. Da hanya ta ɗan buɗe na taka totur kamar yadda na saba, sai kawai na ji inji ya ɗau kuka, allurar zagayen inji ta haura 3, wato dubu uku, amma motar ta ƙi gaba kamar wani ya riƙe ta ta baya, can kuma sai ta fizga da ƙarfi har ƙaramar 'yata ta buga goshi a bayan kujerata. Mai adaidaita sahu a bayana sai hon yake. Wallahi gabana ya faɗi, domin a kan hawa ne, kuma ban san me za ta yi ba in na sake takawa. A hankali na lallaɓa ta muka sauka daga gadar, na samu gefe na faka, na duba goshin yarinyar, na zauna shiru kusan minti biyar ban ce komai ba.

Motar Honda Civic ce haibirid, wato mai haɗa injin fetur da wutar batir, ƙirar 2008, 'yar Amurka, ta Kwatano ta shigo. Na saye ta ne ƙarshen 2023, kuma kowa ya san dalili, tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu na shekarar nan lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan nesa ba kusa ba, to mai mota silinda 6 irin tawa ta da ai sai dai ya ajiye ya koma hawa adaidaita. Na sayar da ita na cika kuɗi na ɗauko wannan, kuma gaskiya ban yi nadama ba ta ɓangaren shan mai, man da nake sha a sati ɗaya da can yanzu yana kai ni sati biyu har da ɗoriya. Mutane da yawa a lokacin haka suka yi, wasu Prius, wasu Camry haibirid, wasu irin tawa, kuma kusan dukkanmu tsofaffin motoci muka samu waɗanda sun riga sun yi shekara goma sha wani abu suna aiki a hannun wasu kafin su zo hannunmu.

Washegari na kai ta gareji. Bakaniken farko da na samu ko bonet bai buɗe ba, ya shiga ya zagaya layi ɗaya da ita ya dawo ya ce min, "Alhaji giyabos ya tafi, silif take, babu wani gyara sai dai a sauke a sa Beljiyam." Ya faɗi kuɗin da sai da na sake tambayarsa ko da kuɗin aiki a ciki, ya ce a'a na giyabos ne kawai. Na ce masa zan yi shawara. Ba wai na fi shi sanin mota ba ne, kawai raina bai kwanta da yadda aka yanke hukuncin cikin minti uku ba.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijo da ya daɗe yana taɓa irin motocin nan, garejinsa ƙarami ne a cikin lungu, amma yana da kwamfutar duba mota kuma ya iya karanta abin da take nunawa, wanda wannan shi ne ya fi muhimmanci domin yanzu kowa yana da na'urar amma ba kowa ya san fassarar ba. Na gaishe shi na ce Baba ga abin da ya faru. Tambayar farko da ya min ita ce, "Malam, yaushe rabon da a taɓa man giyar nan, kuma wane mai aka zuba?" Nan take na tuna. Wata biyu kafin nan na tsaya a wani wurin juye a bakin titi don canja baƙin mai, yaron da ke aikin ya zaro sandar man giya ya ce Oga wannan ya yi baƙi gara a canja, na ce to, ya ɗauko wani jan mai daga galan ya ɗura, irin wanda ake zuba wa kowace mota otomatik. Da na faɗa wa Baba haka bai ce komai ba, ya zaro sandar ya goga a farar takarda ya shinshina, ya miƙo min ya ce in shinshina. Ƙauri ne, kamar na abin da ya soma ƙonewa a tukunya.

Ya sa yaransa suka ɗaga motar, aka kwance noti na ƙasa mai ya zubo a faranti, shi kuma ya ɗauki notin ya kawo min har inda nake tsaye. Ashe bakin notin nan maganaɗisu ne, yana tara duk wani ƙarfe da ya goge a ciki. Ya shafa da yatsa ya nuna min wani baƙin abu mai laushi kamar kwalli, ya murza shi tsakanin yatsu biyu ya ce, "Ka ga wannan, in laushi ne haka da sauran rai. In da ɓurɓushi ne mai ƙyalli da ke sukar yatsa da na ce maka ka fara neman kuɗi." Sannan ya kai farantin man cikin rana yana karkata shi yana kallo, yana neman ƙyalli. Ni dai ina tsaye ina addu'a a zuciya.

A nan ne ya zaunar da ni a benci ya min bayanin da ya sa nake rubutun nan, domin da na san shi tun farko da yaron can bai zuba min jan mai ba. Giyar Civic haibirid ba irin otomatik ɗin da muka saba ba ce mai lamba ɗaya, biyu, uku, huɗu. CVT ce. A cikinta akwai fuli guda biyu, wato gargaren da bel ke zagayawa a kai, kowanne yana iya buɗewa ya tsuke, sannan akwai bel na ƙarfe a tsakaninsu wanda ɗaruruwan ƙananan ƙarafa aka jera suka zama shi. Ƙarfin mai ne yake matse fulin su kama bel ɗin, in ɗaya ya tsuke ɗaya ya buɗe shi ne canjin giyar, shi ya sa ba ka jin tana shiga giya, tafiya kawai take sumul. Wato ƙarfe ne yake kama ƙarfe, mai yana tsakaninsu, kuma man an haɗa shi ne musamman yadda zai hana su cin juna amma kuma ba zai bari su zame ba. In ka zuba wanda ba nata ba, santsinsa daban, to dole kamun ya lalace.

Sannan akwai abu na biyu da ya ce shi ne ya fi damun irin motata, wato kulocin tashi. Yawancin otomatik suna da wani ƙaton abu mai kama da ƙwarya cike da mai tsakanin inji da giya, shi ne yake sa mota ta tashi a hankali ba fizga. Ita wannan ba ta da shi, kuloci ne na faranti-faranti da ke cikin mai, kwamfuta ce take kama shi tana sakinsa kamar yadda ƙafar direba take yi a mota manuwal. Duk lokacin da ka tsaya ka tashi sai ya yi aiki, to ka lissafa gosulon Kano, daga Kofar Nassarawa zuwa Sabon Gari sau nawa mutum zai tsaya ya tashi. In man ya tsufa ko aka zuba wani daban, farantan nan suna yin santsi, sai su kama su saki su kama su saki, shi ne karkarwar da ake ji lokacin tashi, in abin ya yi nisa kuma sai inji ya yi ta kuka kafin ya kama gaba ɗaya da fizga, irin abin da ya same ni a kan gada. Wannan karkarwar sananniya ce a Civic haibirid tun ta farko, ta 2003 zuwa 2005, da kuma tsohuwar Honda Insight mai CVT, kuma masu motocin a can inda aka ƙera su sun san maganinta na farko shi ne canja mai a kan kari da nata na asali.

Na tambaye shi to ta yaya mutum zai gane kuloci ne ko bel. Ya ce in daga tsaye ne kawai take yi, da ta ɗau hanya shikenan, to ka fi zargin kuloci. In kuwa kana cikin gudu, ka taka don ka wuce wata mota, allura ta yi sama gudun bai ƙaru ba har ma ka ji wani ƙugi ko shuuu daga ƙasa, wannan bel ne ko ƙarfin man ya ragu, kuma shi bel in ya zame sau da yawa yana kankare fuskar fuli ne, in ya kankare babu man da zai gyara shi a duniya. Ya kuma ce in kula da harafin D a dashbod, in ya fara ƙiftawa to motar da kanta ce take cewa giya akwai matsala, kada in ci gaba da tuƙi.

Amma bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya burge ni da shi. Kafin ya taɓa giyar sai da ya duba abubuwan da suke kwaikwayon ciwon giya. Ya duba kujerun inji ko sun tsage, domin su ma suna sa fizga. Ya duba fulogi, ni sai ranar na san ashe injin nan ɗan ƙarami mai 1.3 fulogi 8 gare shi, biyu a kowace silinda, kuma akwai masu canja huɗu na gaba su bar huɗu na baya don ba su san da su ba, mota ta yi ta gargada a ce giya ce. Sannan ya jona kwamfuta ya duba babban batirin da ke bayan kujerar baya. A tsarin Honda da suke kira IMA, akwai wata siririyar mota ta lantarki, ba motar hawa ba, na'ura ce mai juyawa da wutar batir, tsakanin inji da giya da take taimaka wa inji lokacin tashi da hawa, in batirin ya yi rauni taimakon ya ɗauke sai ya zama ɗan injin nan shi kaɗai yake jan motar da nauyin batirin da komai, dole ka ƙara taka totur, CVT kuma ta ɗaga zagayen inji sama, sai ka rantse giya ce take silif alhali ƙarfi ne babu. Ya nuna min sandunan da ke dashbod masu nuna taimako da caji, ya ce in na taka a kan hawa in dinga kallon su, in ba su tashi ba to ba giya ba ce.

Nawa batirin ya ce ya gaji amma yana aiki. Matsalar dai man ce da kulocin. Aka nemo man CVT na Honda, kuma a nan ma sai da ya ja min kunne, akwai na tsofaffi wanda wasu gwangwanayen ake rubuta HMMF, akwai kuma HCF-2 na sababbin motocinsu, kuma ba a musanya su, kada mai shago ya ce min ai duk Honda ne. In an kwance noti ba duka man ke fita ba, kusan lita 3 ne kawai, sauran yana maƙale a ciki, saboda haka sau uku muka yi, a zuba sabo in je in yi yawo kwana biyu in dawo a zubar a sake. Kuɗi ne kam, na ji a jikina, amma ko kusa bai kai rabin rabin na giyabos ba. A zuwa na uku ya jona kwamfuta ya sa motar ta sake koyon inda kulocin yake kamawa, muka fita tare yana gefe yana cewa taka, saki, bar ta ta gangara da kanta. Da muka dawo fizgar ta tafi. Saura 'yar karkarwa kaɗan da safe in mota ba ta yi zafi ba, ya ce wannan sai haƙuri, farantan sun riga sun ji jiki.

To ana cikin haka sai ga labarin ƙanin matata, wanda shi ne ya fi tsaya min a rai har yau. Shi Prius gare shi ƙirar 2007, yana haya da ita a Abuja, da ita yake ciyar da gidansa da mahaifiyarsu. Tasa ta fara ne da rashin ƙarfi a hawa, inji ya yi ta ihu mota tana tafiyar hawainiya, wani lokaci jan alwatika mai alamar motsin rai ya fito a dashbod. Ya kai gareji aka ce masa giya ce take silif. Bai kira kowa ba, ya ci bashi, aka je aka ciro giyabos na Beljiyam aka ɗora. Kwana biyu da karɓar mota, yana hawan wani tudu da fasinja, abin ya dawo sak yadda yake. Da ya kira ni muryarsa har rawa take, ya ce, "Yaya, na canja giyar kuma ba ta daina ba, ban san inda zan sa kaina ba."

Na ce ya lallaɓo ta zuwa Kano in zai iya, in ba zai iya ba a ɗoro ta a kan janwe gaba ɗaya, kada a ja ta da igiya. Wannan ma Baba ne ya faɗa min, Prius in tayoyin gaba suna juyawa a ƙasa to motar lantarkin da ke cikin giyar tana juyawa tana haifar da wuta ko da motar a kashe take, ana iya ƙona abin da bai lalace ba. A kan janwe ta zo.

Da Baba ya ji an canja giyabos saboda silif sai ya girgiza kai ya ce innalillahi, ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, giyar Prius ba ta da abin da zai yi silif." Ya ɗauki tsinke ya zana mana a ƙasa. Toyota suna kiran tasu eCVT, kuma sunan ne yake rikita mutane har da kanikawa, a ɗauka irin ta Honda ce. Babu bel a ciki, babu fuli, babu kulocin tashi. Haƙoran giya ne, ƙarami ɗaya a tsakiya, wasu ƙanana suna zagaye shi, sai babban zobe mai haƙora ta ciki ya kewaye su duka. Inji yana haɗe da abin da ke riƙe da ƙananan, motar lantarki ta farko MG1 tana haɗe da na tsakiya, ta biyu MG2 tana ɓangaren zoben da ke kaiwa ga tayoyi. Kullum haƙoran a sarƙe suke da juna, ba sa rabuwa. Abin da ake ji kamar canjin giya, kwamfuta ce take sauya saurin MG1. Ko ribas babu giyarsa daban, motar lantarki ce take juyawa da baya, kuma ko kik babu, MG1 ce take tada inji. To haƙori a cikin haƙori ko dai ya juya ko ya karye, ba ya zamewa. Abu ɗaya da ya ce yana kama da kuloci shi ne wani faranti mai sifirin tsakanin inji da giya da ke shanye girgiza, shi ma ba kasafai yake ba da matsala ba.

Saboda haka in Prius tana ihu ba gudu, wutar ce ba ta isa. Ya jona kwamfuta, lambar P0A80 ta fito, wadda ma'anarta babban batir ya lalace. Batirin irin wannan ƙirar ta 2004 zuwa 2009 ƙananan batura 28 ne a jere, kowanne bolt 7.2, jimla 201.6, kwamfutar motar tana sa musu ido biyu-biyu, rukuni 14. Ya nuna mana a allo, goma sha uku suna tafiya kusan kai ɗaya, ɗaya kuma da an taka totur sai ya zube ƙasa ya bar 'yan uwansa. Da zarar motar ta ga haka sai ta rage wutar da take ja don kare kanta, ta bar wa inji aikin, ga jan mota ga cajin batir, shi ne ihun. Baba ya tambayi ƙanin matata ko ya lura sandunan batir a allon tsakiya suna cika su koma kore nan da nan, kuma su zube zuwa ƙasa nan da nan. Ya ce ƙwarai, wata uku ke nan yana ganin haka, ya ɗauka alamar batir mai kyau ce tunda yana saurin cika.

Sai kuma aka kwance gefen kujerar baya aka ciro fankar da ke sanyaya batirin. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, fikafikanta sun toshe da ƙura ja da gashi da zare, ya dunƙule ya zama kamar audugar katifa, yaron Baba da tsinken tsintsiya ya dinga ciro shi. Ƙofar da iska ke shiga tana nan gefen kujerar baya ta dama, kuma rigar kujera da aka ɗinka wa motar ta rufe rabinta, ga fasinja kullum da jaka a jingine a wurin. Batirin nan ba ya son zafi ko kaɗan, mu kuma ga bazarar da muke da ita, watan Afrilu mota ta wuni a rana gilashi a rufe, ga ƙurar hunturu wata uku tana shiga. Motar da aka ƙera ta yi rayuwarta ta farko a wuri mai sanyi, ta zo nan da tsufanta, sannan a toshe mata hanci.

Ya nuna mana wani abu kuma da kowane mai Prius zai iya dubawa da kansa ba sai da kwamfuta ba. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar robar ruwa kusa da inbata, wato akwatin azurfan nan da ke sarrafa wutar. In mota tana kunne ta nuna READY, ka leƙa cikin robar, ya kamata ka ga ruwan yana motsi. In yana kwance lum kamar ruwan randa to ɗan famfon lantarkin da ke zagaya shi ya mutu, inbata za ta yi zafi, motar ta rage ƙarfi ko ta tsaya a hanya, lambar da take bayarwa P0A93. Wannan famfon sananne ne a ƙirar nan, har kamfanin ya taɓa kiran motocin a canja shi kyauta a ƙasashen da ya sayar da su, amma wa ya san ko wadda ta zo hannunka an kai ta. Na ƙanin matata yana motsi, alhamdulillahi.

Akwai ma abin da ba ciwo ba ne sam amma ake kawo masa a ce giya. Prius ta wannan zamanin in tayar gaba ta ɗan yi juyin banza a yashi ko ta yi tsalle a kan rami, nan take take yanke ƙarfi na ɗan lokaci don kare kayan cikinta, ka taka totur ka ji wayam. A layukan unguwanninmu da ba kwalta, musamman in tayoyi sun cinye, kullum sai ta yi. Sannan ƙirar 2010 zuwa sama mai inji 1.8, in ta tsufa takan yi wata ƙara kaf-kaf-kaf da girgiza in an tada ta da safe, ƙarar daga wajen giya take fitowa amma asalin ciwon a inji yake, ko hanyar EGR mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji ta toshe ko gaskit ya fara shan ruwa.

Ba wai ina cewa giyar Toyota ba ta lalacewa ba ne. Tana yi. Wayoyin da aka naɗe a cikin motocin lantarkin suna iya ƙonewa, boris yana iya fara kuka, kuma ita ma tana da mai, ATF WS ake zuba mata, kuma mota mai shekara 15 zuwa sama da ba ka san tarihinta ba ya kamata a canja shi. Sai dai alamominta daban ne, ƙara ce ko lambar kwamfuta mai nuna wuta tana zuba a bodi, ba silif ba. Baba ya ce ya sha ganin an zuba wa Prius man CVT mai bel saboda an ga haruffa ukun nan a sunanta, an kuma zuba wa Civic man Toyota, duk rashin sani. Kuma ba nan kaɗai abin ya tsaya ba, Camry da Highlander da Lexus RX400h tsarin Prius ne, Ford Escape haibirid ta da ma kusan haka take, amma Hyundai Sonata haibirid ta 2011 otomatik ce mai giya 6 da kuloci tsakanin inji da motar lantarki, ita kuma nata halin daban. Kalmar haibirid ɗaya ce amma cikin kowacce daban.

Abin da yake min ciwo shi ne ba mugunta ce ta sa aka sauke giyar yaron nan ba, na yarda da haka. Bakaniken ya yi shekaru yana gyaran otomatik, duk motar da ta yi ihu ba gudu a saninsa giya ce, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. Motocin ne suka shigo mana da yawa lokaci ɗaya ilminsu bai biyo su ba. Amma duk da haka ina ganin akwai haƙƙi, in mutum bai san abu ba ya ce ban sani ba, kai ta wurin wane, wannan ba ya rage wa kowa daraja. Yaron nan har yau yana biyan bashin giyabos da lafiyayyen nasa aka cire, tsohon ma da ya koma nema aka ce an riga an sayar. Ga kuma haɗari, wayoyin nan masu ruwan lemo ba abin wasa ba ne, batirin ya haura bolt 200 kuma inbata tana ɗaga shi har 500 a ƙirar tasa, na ga yara a gareji suna kama su da hannu ba safa, ba tare da an zare filogin tsaro na batir ba, abin yana ba ni tsoro wallahi.

Batirin nasa ba a samu halin sayen sabo ba. Aka canja rukunin da ya mutu da wasu na hannu masu ƙarfi kusa da na sauran, aka goge tsatsar da ta kama ƙananan tagullan da ke haɗa su, aka wanke fanka, aka yanke rigar kujera daga bakin ƙofar iska. Baba bai ɓoye masa ba, ya ce wannan faci ne, sauran ma sa'annin wanda ya mutu ne, zai iya kai shi wata shida zai iya kai shi shekara, ya fara tara kuɗi tun yanzu. Ya kuma roƙe shi ya daina barin mai yana ƙarewa ƙaf yana lallaɓawa da batir zuwa gidan mai, domin in babban batirin ya zube gaba ɗaya motar ba za ta iya tada injinta ba, kuma ba irin wanda ake ɗauka a kai wa mai caji a bakin titi ba ne. Ya koma Abuja da ita da ƙafarta, ya kira ni daga Zuba ya ce ta hau duk tudun hanya ba ihu.

Tawa kuma yanzu wata bakwai ke nan. Na ajiye gwangwanin man da ya ƙare a but, duk wanda zai taɓa giyar sai na nuna masa, in babu irinsa a bari. A kan hawa in gosulo ya tsaya ina riƙe ta da birki ne, na daina riƙe ta da totur kamar da, tunda na san kulocin ne yake cin wuya. Sai dai kwanan nan na lura sandunan taimako ba sa tashi sosai in na kunna AC da rana, wani lokaci ma batirin ya zube gaba ɗaya ya fara caji da kansa ina tsaka da tafiya. Na kira Baba na faɗa masa, ya ce in kawo ta ranar Asabar da safe kafin rana ta yi zafi, kuma in zo da niyyar wuni.